Karatun Hafsatu

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Ni ƙalau, takardar kammala karatuna ta fito.

Jiya na yi wa wani Alhaji mai sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu tafinta, ya yi wa ɗansa rajista a jami'armu. Na ga sakamakon yaron da idona, na ƙanwata Hafsatu ya fi shi. Shi babansa zai biya, ita kuwa tallafin karatu na jiha da ya kawo ni nan an dakatar da shi. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Na fasa dawowa, zan zauna ina tafinta saboda karatunta. Don Allah Kawu, kada a bari ta ajiye littafi. A gaishe da Inna, a sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Nura