Jan fenti a jikin shuɗiya

Zuwa ga jikana Eliseo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Marisela da yara, zafin Houston kuma bai ƙarasa dafa maka ƙwaƙwalwa ba. Allah Ya ƙara muku lafiya. Mu nan San Luis kalau muke, gwiwata ce kawai take ta tsiyarta. Gwaggonka Benigna ta gasa barkonon bana, amma ba ka da rabo.

Ja'iri, mutanen da ka turo su sare itatuwan gefen gida saboda gudun gobarar daji sun zo ina coci. Na dawo na tarar da babbar shuɗiyar bishiyar bakin rafi, wadda ake kira sifurus, da kakanka Onofre ya dasa, a kwance, an yanka ta gunduwa-gunduwa. Shugabansu ya cire hula, ya ce ai kai ka ce a bar masu shuɗi, wannan kuwa koriya ce. Na ce ya kama reshen da hannunsa. Ya kama, ya yi ƙara, ya sa yatsa a baki. Ban yi dariya ba.

Wa ya ce maka da launi ake gane ta? Shuɗin nan kamar hoda yake a kan sabon ganye, ruwa da shekaru suna wanke shi. Ganyenta allura ne mai tsini, in ka murza a yatsa sai ya mirgina, na bishiyar fir mai kama da ita kuwa laushi gare shi, ba ya mirginawa. 'Ya'yanta a rataye suke, ɓawonsu kamar takarda. Kai da ka sha kuka a gindinta da tafin ƙafa a soke, yau kai ne mai ba da umarni ta waya!

Saura ɗaya, ta bayan kicin, ita ma ta yi kore, sun shafa mata jan fenti, alamar za a sare ta. Ran Asabar za su dawo. Na hana su, suka ce gidan da sunanka yake yanzu, maganarka kaɗai suke ji.

Ka gaishe da Marisela, da Tomasa da ɗan autanku Fidel. Ka kira mutanen nan. In ba ka kira ba, a gindinta za su same ni kan kujera. Ni ma launina ya daɗe da gushewa, sai su kawo fentin.

Kakarka,
Eufemia