Mijina direban bas ne, kuma ya koma shan ƙwaya

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don Allah a sakaya sunana, Hausawan Makka duk mun san juna, kalma ɗaya za ta sa a gano ni. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni a nan aka haife ni, a unguwar Nakkasa na tashi, a can kan dutse gidanmu yake. Mijina kuma daga Kano ya zo aikin tuƙi, yana da iƙama, wato takardar izinin zama, 'yarmu ɗaya, bana ta shiga firamare. Mutum ne mai sanyin hali da kunya, ko muryarsa ba a ji. Tun yana tuƙin tasi a unguwar Hindawiyya abokan aiki suka koya masa ƙwayar nan mai hana barci, kaftagon, wai don ya jure aikin lokacin umara. Ban gane ba sai da abin ya ci jikinsa, ya rame, ya daina cin abinci, ya zama ko tari na yi sai ya ce da shi nake.

A wancan karon ba ni kaɗai na ɗauki abin ba. Da na gaya wa Babana, bai yi faɗa ba, ya sa aka kawo shi gidanmu aka ba shi ɗakin sama. Mazan layinmu suka riƙa karɓa-karɓa wajen zama da shi, wannan ya tashi wancan ya zauna, ana raka shi masallaci ana dawo da shi. Yana zage-zage, yana kuka, yana roƙon a bar shi ya fita, ba wanda ya ɗaga masa murya. Wata maƙwabciyarmu 'yar Damagaram kullum sai ta aiko masa da kunun gyaɗa, har ya fara riƙe abinci. Kuma maganar ba ta taɓa sauka daga dutsen nan ba, kowa ya rufa mana asiri. Da ya warke Baba da kansa ya kai shi wajen wani amininsa mai motocin ɗaukar masu umara, ya tsaya masa, aka ba shi babbar bas yana kai mutane Madina. Amma a gabana Baba ya ce masa, "Na ɗauke ka ɗa, shi ya sa na yi wannan. In ka koma, ni da kaina zan kai ka hannun hukuma, don yanzu ba kanka kaɗai ka ɗauko ba." Wanda ya san Babana ya san ba ya magana biyu.

To yanzu hukuma ta rushe layinmu. Wasu sun koma Jidda, wasu sun tafi gida gaba ɗaya, mu muka kama haya a unguwar Rusaifa, a wani bene da ko sunan maƙwabcina ban sani ba. Baba yana wajen yayana, ciwon zuciya ya kwantar da shi bara, likita ya ce a kiyaye ɓata masa rai. Mutanen da suke ganin mijina sau biyar a rana a sahu, yanzu sai a ɗaurin aure ko jana'iza.

Tun da aka fara cikar masu umara a azumin nan na ga alamun da na sani. Ya dawo daga Madina maimakon ya kwanta sai ya hau gyaran abin da bai lalace ba, yana cizon haƙora, yana surutu babu tsayawa, shi da ba ya magana. Na ce wa kaina gajiya ce. Ran nan ina haɗa masa kayan tafiya na buɗe gwangwanin da yake zuba ganyen shayi, sai ga ƙwayoyin a ƙulle a leda. Nan take na zauna a ƙasan kicin.

Da na nuna masa da farko ya ce na wani direba ne aka ba shi ajiya, da na ƙi yarda ya ce wai leƙen asirinsa nake yi, wai Baba ne ya sa ni. Daga baya kuma ya durƙusa yana kuka, ya ce tafiya a kan tafiya ake jera musu, in ya ce ya gaji akwai masu jiran kujerar, in aikin ya tafi iƙamar ta tafi. Ya rantse min daga an yi sallah zai daina da kansa, ya ce in na gaya wa Baba na kashe tsohon kuma na raba 'yarmu da ubanta.

Na so in yarda da shi. Amma shekaranjiya da rana na fito daga wanka na tarar ya zaunar da yarinyar a gabansa, ya farke 'yar tsanarta da wuƙar kicin yana tone audugar, wai an saka abin ɗaukar magana a ciki. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba, ta ƙame tana kallonsa. Da ya fita ta ce min, "Mama, Abba ba shi da lafiya ne?" Na ce eh. Ta ce, "To ki kai shi asibiti mana."

Kuma a wannan halin yake hawa bas cike da mutane. Zuwan da ya yi na ƙarshe madubin gefe a fashe, ya ce iska ce. Ya kawo dabino a leda, ya ce wata tsohuwa 'yar Sakkwato ce ta ba shi, tana ta sa masa albarka wai ya kawo su lafiya. Wallahi na kasa cin ko ɗaya. Matar nan ta baro jikokinta ta zo ɗakin Allah, ta zauna a bayansa hankali kwance, ni kuma na san abin da ke cikin jininsa. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara yana hanya, sai na yi salati kafin na duba.

Na ji ana cewa wanda ya kai kansa asibitin masu shaye-shaye ba a hukunta shi, kuma ana ɓoye sirrinsa, amma ban sani ba ko har da baƙo mai iƙama, ko kuwa daga can sai a ɗora shi a jirgi. Tsoron tambaya ma nake ji. Yayana yana da zafi, in ya ji zai iya zuwa ya dake shi, shi kuma a yadda yake yanzu ban san me zai yi ba. Na yi tunanin kiran dattawan layinmu na da ɗaya bayan ɗaya in roƙe su su sake taruwa a kansa, amma a ina za su zauna da shi, a falon hayarmu? Kuma cikinsu wa zai iya ɓoye wa Baba?

Ranar Asabar yana da tafiya Madina. Makullin motar na nan a rataye bayan ƙofa, na wuce shi ya fi a ƙirga yau, ina tunanin in ɓoye, ina kuma tuna wuƙar nan.

'Yan uwa, ba na son rabuwa da mijina, na taɓa ganin ya warke da idona, na san zai iya. Amma ni kaɗai ba zan iya ba. In gaya wa Baba da ciwonsa? In kira mai motocin in ce kar a ba shi bas, ko da aikin zai tafi? Ko akwai wanda ya taɓa kai ɗan uwansa asibitin nan yana kan iƙama, ya gaya min gaskiyar abin da ya faru da shi? Don girman Allah kar ku ce in yi haƙuri zuwa bayan sallah, mutanen da za su hau motar nan ba su san komai ba. Ku gaya min wa zan fara kira kafin Asabar.