Ƙarfe Shida da Rabi da Rijiyar Gangara

Isa, 4 ga Maris, 1985.

Zuwa ga ƙanena Attahiru, a Gangara.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar Habi da sauran iyali, ina yi maka jajen wannan fari da Allah Ya jarrabe mu da shi.

Maliki mai kai kaya Nijar ya shaida mani cewa jan guga ya lanƙwasa maka baya, har ba ka iya amsa sallama sai ka karkace wuya. Shekarunka hamsin da takwas. Ni da na girme ka da goma sha ɗaya, har yau a miƙe nake tafiya.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tsai da ɗalibai a fili kowace safiya, saboda haka na san abin da ke miƙar da baya. Ka jingina da bango, diddige da ƙugu da kafaɗu da ƙeya duk su taɓa shi. Ka jawo haɓa ciki. Ka ɗaga hannuwa sannu a hankali, ka ƙirga talatin, ka sauke. Sau goma. Lokaci kuwa ƙarfe shida da rabi na safe, kafin karin kumallo. Haka aka koya mana a kwaleji, kuma ban taɓa ganin dalilin sake shi ba.

Ga sharaɗina a matsayina na babba. Idan lokacin shuka ya zo ba ka iya riƙe sungumi a tsaye ba, za ka bar gonar mahaifinmu a hannun maƙwabta, ka kwaso iyali ka dawo wurina. Ba za ni bari ka ƙarasa kanka a ƙasar da ta hana mu ko dami ɗaya bara ba.

Wassalam. Ni ne wanka,
Labbo, Hedimasta mai ritaya.

Gangara, ranar Lahadi.

Yaya Malam, sallama da gaisuwa. Muna lahiya, sai zahi.

Na ari agogon liman na yi abin da kac ce kwana ukku. Ga abin da yab biyo baya. Rijiyarmu ta yi nisa, ruwanta kaɗan. Wanda bai kama layi daga sallar asuba ba, laka za ya jawo. Ina manne da bango ina ƙirga talatin, mutane na can suna kwashe ruwa. Rana ta ukku awaki sunka wuni ba su sha ba. Habi tac ce ta aje maka lakar, in ka zo ka yi alwala da ita.

Na gwada da azahar, bango yaƙ ƙona mani ƙeya. Na gwada da maraice, lokacin bayan ya riga ya ƙage, ko ruku'u da ƙyar.

Gonar Baba kuwa ba ni barin ta. Iri na nan cikin tukunya. Mun ci dusa, ba mu taɓa shi ba.

A gai da Bilki. Ƙanenka, Attahiru.

Isa, 25 ga Maris, 1985.

Attahiru, bayan gaisuwa.

Na karanta takardarka sau biyu, ko da yake ba ka sa mata kwanan wata ba. Abin da na gani a ciki uzuri ne. Wanda ya bar rijiya ta tsara masa lokaci yau, gobe akuya za ta tsara masa. Ƙarfe shida da rabi yana nan, sharaɗina ma yana nan.

Ka gaya wa Habi saƙonta ya iso.

Wanka, Labbo.

(A cikin ambulan ɗin, a bayan takardar shayi.)

Attahiru ƙanen miji, ina gaisuwa. Bilki ce. Yayanka da kansa ya koya mani boko, yau ga amfaninsa.

Kada ka kashe awakinka. Malam ya fi shekara huɗu bai yi abin ga da safe ba. In ya tashi, bayansa kamar icce, sai na kama shi ya sauko daga gado. Bayan la'asar yake zagayawa bayan ɗaki, in jiki ya yi ɗumi, ya manne da bango yana ƙirga da Turanci, yana zaton ina wurin daka. Miƙewar da yake taƙama da ita gaskiya ce, amma ta la'asar ce. Ka nemi naka lokaci. In ka tona ni, ba ka ƙara shan furata.

Gangara, goma ga azumi.

Yaya Malam, sallama. Barka da shan ruwa.

Na daɗe ban rubuto ba don ina son in zo da magana a hannu. Ka san in anka ja guga biyar, sai a dakata ruwa ya tsattsafo. Da, zama mukai a duƙe muna duban ƙasa. Sai nil lura lokacin nan jikina da ɗumi, ban gaji ba tukuna, kuma layina ba ya wuce ni. Ga gawon nan na bakin rijiya, gindinsa a miƙe. Nan nike jingina, duk dakatawa sau biyu ko ukku. Kafin tuluna su cika na yi goman nan taka, har da ƙari.

Da hwarko dariya anka yi. Ibrahima mahauci yac ce na shiga soja da tsufa. Yanzu mu shidda ne, har da shi, sai rigimar wa za ya riga kama iccen.

Jiya na ɗauki sungumi na bi gona daga gabas zuwa yamma, kaina a sama. Maliki na wurin, tambaye shi. Ba ni jiran ruwa. Asabar ta bayan Salla za ni binne iri a busasshiyar ƙasa, ruwa ya iske shi.

Wata tambaya, Yaya, tunda kai am masani: ashe gaskiya ne wasu manya sun fi jin daɗin abin ga bayan la'asar?

Ƙanenka, Attahiru.

Isa, 12 ga Yuni, 1985.

Zuwa ga ƙanena Attahiru, bayan gaisuwa.

Na yi wa Maliki tambayoyi daki-daki, amsarsa ba ta sauya ba. Na janye sharaɗina. Gonar tana hannunka.

Tambayarka ta ƙarshe ba za ni amsa ta a rubuce ba. Na dai lura alƙalamina ya sauya wurin kwana, kuma na san hannun da ya taɓa shi.

Za ni iso Gangara ranar Juma'a ta bayan Salla. Ranar Asabar kai za ka riƙe sungumi a gaba, ni in bi ka da iri. Ka faɗi lokacin da za mu fita.

Wassalam. Wanka,
Labbo.