Kalmar da Ba Ki Faɗa Ba

Difa, ƙarshen sanyi, 2006

Zuwa ga mahaifiyata Rifkatu,

Inna, ina gaishe ki, gaisuwar ɗiya ga uwa. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunki ba, idonki kuma ba zai sauka a kanta ba. Amma shekara biyu ke nan ina riƙe da magana a ciki, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Bari in fara da labarin gida. Kogin Komadugu ya kawo ruwa sosai bana, tattasai ya yi kyau, duk inda kika duba wajen Shetimari an shanya shi ja wur. Ƙanena Isa ya gyara injin ban ruwan Baba, ya koma lambu. Jikarki, ɗiyata, ta shiga lakwal, makarantar boko. Matan da kika karɓi haihuwarsu a gidan likita har yau suna tare ni a kasuwa su yi mini gaisuwarki. Kowace sai ta ce Allah ya sa kin cika da imani, ta ƙara da cewa na yi sa'ar uwa. Ni kuwa in amsa da amin, in sunkuyar da kai.

Kin tuna yadda gidanmu yake? An turo ki aikin ungozoma daga wajen Maraɗi, ke Kirista, ɗiyar Kiristoci. Baba ɗan Damagaram ne, ɗan malamai, yana sayen tattasai yana kaiwa yamma. Ya aure ki bai ce ki bar addininki ba, ke ma ba ki taɓa hana mu namu ba. Ke kike tashe mu sallar asuba. Da azumi ke kike dama mana kunu ki soya ƙosai, ba kya kai ko loma baki a gabanmu sai an kira magariba. Ran Lahadi ki ɗaura kallabinki fari ki tafi ƙaramar majami'arku da ke bayan tasha, ku 'yan kaɗan, galibi ma'aikata da sojojin da aka turo.

Ina ƙarama nakan leƙa ki kina addu'a. Mu sai mun yi alwala, mun fuskanci alƙibla, mun karanta da Larabci. Ke kuwa zama kawai kike a bakin gado, ki rufe ido, ki yi ta yi wa Allah magana da Hausa kamar yana zaune kusa da ke, har ki kira shi Uba. Abin yana ba ni tsoro, yana kuma ba ni sha'awa. Kin ce mini sunana Maryama da na Isa su ne ba ku yi gardama a kansu ba ke da Baba, don suna cikin littafinki suna cikin nasa. A makarantar allo aka koya mini cewa Annabi Isa manzo ne, ba a kashe shi ba, an ɗauke shi sama. Ke kin ce an gicciye shi, ya mutu saboda ke, ya tashi. Na taɓa tambayar Baba wa ke da gaskiya. Ya ce in riƙe sallata, in kuma bi uwata, sauran Allah ne zai raba.

Da Baba ya rasu sai inuwa ta kau. Baffa Mamman, yayansa, ya fara aiko da malamai. Kina shimfiɗa musu tabarma, ki kawo ruwa, ki saurara, ki yi godiya, ran Lahadi ki ɗaura kallabinki. Ni ma na shiga cikinsu, Inna. Na yi miki kuka, na ce ba na so a raba mu ranar lahira. Kika ce ke ma kukan da kike yi mini ke nan, sai dai ke a ɓoye kike yin naki.

Sai ciwon hanta ya kwantar da ke. Wata huɗu ina jinyarki. Sau uku kika sa na yi miki alkawari cewa in kin tafi zan kira fasto, mutanenki su kai ki da waƙa, a sa ki a gefen Kiristoci a maƙabarta. Sau uku na ce to.

Ranar Laraba ce, bayan azahar. Daga ni sai ke a ɗaki. Da na ga numfashinki ya canja, na kai bakina kunnenki na yi ta maimaita miki kalmar shahada. Kin ji ni sarai. Kika girgiza kai a hankali, kika matse hannuna, kika kira sunan Yesu. Da shi a bakinki kika cika.

Na fito tsakar gida, mata sun cika, Baffa yana tsaye a bakin zaure. Ya tambaye ni ko kin yi kalmar. Inna, na ce kin yi.

Me ya sa? Na sha tambayar kaina. Na ji tsoron a watse a bar ni da gawarki. Na ji tsoron a ce uwar Maryama ta mutu kafira, a faɗa wa ɗiyata a lakwal. Akwai kuma wata wauta a raina, wai in mutane suka yi miki salla wataƙila Allah ya karɓa. Kamar shi ma zan iya ɓoye masa.

Kafin la'asar an yi miki wanka, an naɗe ki a likkafani, an sallace ki, maza sun ɗauke ki. Fasto ya iso da mutanensa ana fita da ke. Suka tsaya gefen hanya da littattafansu a hannu, ba wanda ya buɗe baki ya yi waƙa. Fasto ya matso ya tambaye ni cikin ladabi ko gaskiya ne abin da ya ji, na sake cewa e. A wurinku mata suna raka gawa har bakin kabari. A wurinmu ba ma zuwa. Har yau ban san inda kike kwance ba, sai kwatancen Isa.

Ƙaryar ta yi ta girma ba da ni ba. Wani malami yana ba da labarinki a wa'azin mata, wai kin yi murmushi kin ɗaga yatsa. Ina zaune a wurin ranar da ya faɗa, mata suna juyowa suna kallona suna hawaye.

Na je wurin wani malami daban, na tambaye shi kamar maganar wata ce, ko ɗiya za ta iya roƙa wa uwarta gafara in ta mutu ba a kan Musulunci ba. Ya ce a kyautata mata tana raye, in ta mutu a bar ta da Ubangijinta. Ga shi duk garin yana yi miki addu'a a kan abin da bai faru ba, ni da na san gaskiya an rufe mini baki. To wa zai roƙa miki?

Makon jiya na kasa jurewa, na tafi gidan Mama Saratu, ƙawarki ta majami'a. Na durƙusa na faɗa mata komai. Na so ta zage ni. Na roƙe ta su yi miki addu'ar da na hana ki. Ta ce su ba sa roƙa wa matattu, don a wurinsu wanda ya tafi da bangaskiya ya riga ya isa gida. Sannan ta gaya mini abin da ya hana ni cin abinci har yau. Ta ce sun sani tun ranar. Ta ce kwana goma kafin rasuwarki, da na fita sayen magani, kin kira su kin ce Maryama ba za ta iya ba, nauyin ya fi ƙarfinta. Kin ce in haka ta faru kada su ja gawarki da kowa, kada su ƙaryata ni a gaban dangin ubana, don ni zan ci gaba da zama a garin nan.

Ashe kin sani, Inna? Kina sa ni alkawari kina kallon idona, kin riga kin ga zan karya? Da kin yi fushi da ya fi mini sauƙi.

Ban gaya wa Baffa ba, ban gaya wa Isa ba. Ban sani ba ko zan iya. Ba na so in sake ɗaukar miki alkawari.

Sai wata rana, in Allah ya yarda da haɗuwar.

Ɗiyarki da ta kasa,
Maryama