Makullin Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Talata Mafara lafiya lau, jikokinka duk sun tasa.

Ka tafi ba ka ga aikin da nake yi ba. Mutum shida ke ƙarƙashina, muna rubuta manhajar kwamfuta wadda ke tura wa manoman rani saƙo a waya, ta gaya wa kowa ranar da ruwa zai zo gonarsa. Da kana nan da ka yi dariya, ka ce ai aikinka na gada, keken da kake yawo da shi ne kawai babu.

Ina tuna shekarun da ruwan madatsar Bakolori ya fara bin kanal, wato hanyar da aka gina masa zuwa gonaki. Kai manoman yankinmu suka damƙa wa makullin ƙofar ruwa, da mutum huɗu a hannunka. In an tashe mu daga makarantar allo, nakan kai maka fura bakin kanal, in same ka da makullin rataye a wuya.

Ranar da Mamman Dosara, ɗaya cikin mutanenka, ya buɗe ƙofar da ba ita ba, ruwa ya shanye dashen albasar Alhaji Isa, ina wurin. Alhaji yana ta faɗa, a nuna masa wanda ya yi. Mamman yana laɓe bayanka. Ba ka waiwaya ba. Ka ce, "Ni na ba da makulli ban bi sawu ba, ni za a tambaya." Kwana uku kuka yi kai da Mamman kuna sake dashe. A hanya ka ce mini, "Uwata, wanda duk ya riƙa makulli, shi ad da ɓarna."

To Baba, makon jiya ruwa ya zo ƙofata.

Akwai Rabi a cikin mutanena, mai hannu ce ƙwarai, ba ta daɗe da dawowa daga jego ba. Wajen gyara manhajar ta musanya jerin sunaye, saƙon manoman Bakura ya tafi ga na wajen Maradun. Mutane suka ciro irin tumatir, suka tara masu dashe, suka zauna jiran ruwan da ba ranarsu ba. Kafin azahar iri ya yi yaushi.

Ƙa'idarmu, ba a sakin aiki sai na karanta layi-layi na sa hannu. Ranar ina saurin zuwa ta'aziyya Jangebe. Na ga sunan Rabi, na ce ai Rabi ce, na danna amincewa ban karanta ba. Babu wanda ya sani sai ni da Ubangijina.

Shugabanni suka kira taro, suna son sunan mai laifi. Sunan Rabi ke kan aikin, kuma na ji an fara zancen sallama. Na dube ta, ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafi. Mijinta ba shi da lafiya tun bara, aikin nan ne tukunyar gidansu.

Ba zan ɓoye maka ba, na so in bar zancen ya tafi a haka. Shekara nawa ina gina sunana a wurin da mata ba su da yawa, zuciya tana ce mini ai ba ƙarya zan yi ba, shiru kawai. Amma malaminmu na allo ya sha gaya mana cewa ɓoye shaida ma zunubi ne. Sai na ga bayanka a bakin kanal, da Mamman a laɓe.

Ka san muryata ba ta da ƙarfi, sai da aka ce in maimaita. Na ce Rabi ta yi kuskure irin na kowane ɗan Adam, ni aka ajiye don in tare shi, ban duba ba.

An ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girman da ake shirin yi mini kuma an jingine. Rabi tana nan kan kujerarta. Mun hau mota mu biyu zuwa Maradun, muka bi gona-gona muna ba da haƙuri. Wani dattijo ya tambaye ni ko ni ɗiyar wa ce. Da na faɗi sunanka, ya daɗe yana kallona, sannan ya matsa mini tabarma.

Takardar na naɗe ta, na sa cikin akwatinka na ƙarfe, kusa da makullin. Ya yi tsatsa, Baba, amma igiyar da kake ratayawa tana nan.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara yadda ka raba wa bayinsa ruwa da gaskiya. Ni kuma ya ba ni ikon karanta abin da zan sa wa hannu.

Ɗiyarka, wadda kake ce wa Uwata.