Immi Ta Kai Gindin Jirgin

Tizurt, 19 ga Sha'aban

Zuwa ga yayana, Dadda Bihi, a Beljiyam.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Najat da yara. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasarku, yaya kuma ciwon bayan nan da kake ta kuka da shi? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. An yi ruwa sau biyu, sha'ir ya fito, akuyar Immi ta haifi biyu, matar Lahsan mai shago kuma ta sauka lafiya, an sami mace. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ka, don na san halinka, ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zancensa. A takarda dai dole ka yi haƙuri ka ji ni.

Ka tuna inda muka bar maganar. Tun da Immi, mahaifiyarmu, ta karye a ƙugu bara, ni da kai muka yanke shawarar ta bar ƙauye ta dawo wurina a Agadir, ita kuma ta ce sai dai a fitar da gawarta. Har yau duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labari, wai shekara hamsin tana yawo a kan duwatsun bakin teku ko sau ɗaya ba ta faɗi ba, sai da ɗanta na Turai ya shimfiɗa mata tayil a banɗaki. Da ka matsa mata a waya ta kafa mana sharaɗi: in ta taka da ƙafarta har gindin tsohon jirgin ruwan nan da ya maƙale a bakin teku, inda dutsenta yake, a ƙyale ta a ɗakinta. In ta kasa, da hannunta za ta ɗaure kayanta. Ka yarda ne don ka tabbata ba za ta iya ba, ni ma haka na ɗauka. Ita kuwa tana da nata dalilin. Ka san dokar matanmu masu ɓamɓarar ƙumbar teku: kowace da dutsenta, wadda kuma babbar janyewar ruwa ta shekara ta wuce ta sau biyu ba ta ɗora ƙarfenta na ɓamɓara a kai ba, dutsen ya zama na wata. Ɗaya ta riga ta wuce tana kwance.

Yanzu bari in gaya maka yadda dabararka ta ƙare. Ka ce in kai ta ranar da ruwa bai janye sosai ba, teku ya tare mata hanya, ta juyo da kanta ba wanda ya hana ta. Na gwada. Na ce mata Asabar za mu, don ranar ce kawai nake iya rufe shagon ɗinkina. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni nawa ga wata ke nan Asabar ɗin. Na hau latse-latsen waya ina dubawa. Ta ce in ajiye wannan abin, Asabar tara ga wata ce, mataccen ruwa, ko mahaukaciya ba ta ɗaukar kwando ranar. Wai ni da yayana mun ɗauka kanta ne ya karye, ba ƙugunta ba? Wallahi Dadda na ji kunya kamar in nutse. Ta ce sai wata ya cika ya kwana biyu, kuma ranar za mu ko da shagona zai kama da wuta.

Ranar muka fita bayan sallar asuba, mu shida, ni da Immi da mata huɗu, cikinsu har da Halti Ijja, ƙawar Immi kuma abokiyar faɗanta, wadda kowa ya san ta daɗe tana cewa dutsen nan zai dace da surukarta. Ni na sako sabon takalmin gudu da na saya musamman a Agadir. Su kuwa takalman roba ne a ƙafarsu, sun zura tsofaffin safa a kai don kada santsi ya kwashe su, kamar yadda muka taso muka gani. Ni ce dai na manta, ko in ce na raina. Halti Ijja ta kalli ƙafata ta tambayi Immi ko 'yarta ƙwallo ta zo bugawa. Suka yi ta dariya har muka kai bakin gangare, inda muka ɗaure jaki muka sauka da ƙafa.

Ban taɓa ganin teku ya ja baya haka ba tun muna yara. Duwatsun da ba a gani duk shekara ga su nan baƙi ƙirin, suna sheƙi, kaguwa na ta gudu a tsakaninsu, ga warin gishiri da gansakuka. Immi na tafe a hankali da sandarta, kwando a baya, ƙarfe a ɗamara. Duk lokacin da na miƙa mata hannu sai ta doke shi, wai kada in ɓata mata sharaɗi. Haka muka yi kusan awa guda har muka iso Ƙofa, matsatsin nan tsakanin manyan duwatsu biyu, inda sai an jira manyan igiyoyin ruwa sun wuce kafin a tsallaka da sauri. A nan ta tsaya. Ruwa ya zo ya koma sau uku, sau huɗu, ba ta motsa ba, na ga ƙafarta ta hagu tana rawa a ƙarƙashin zani. Tsoro ya kama ni sosai. Na raɗa mata cewa mu koma, zan ce maka ta kai. Ta ce ba ta haife ni don in yi mata ƙarya ba.

Sai Halti Ijja ta ɗaga murya daga baya, wai a ba ta hanya in tsufa ya hana wasu, surukarta ta riga ta wasa ƙarfe, Immi ta tafi Agadir ta zauna a bene tana kallon talabijin ana dama mata kunu. Immi ta juyo ta ce mata bakinki ya sari dutse, mai haƙori uku. Ta yi bisimilla, ta kafa sanda, ta tsallaka. Sai da ta dira na lura ashe Halti Ijja tana manne da bayanta, hannuwa biyu a buɗe, ba ta taɓa ta ba amma da ta goce da a jikinta za ta faɗa. Kana so ka san wadda ta faɗi? Ni ce. Takalmin Agadir ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin kududdufi, ruwa har ƙirji. Immi ta yi dariya har sai da ta dafa dutse, rabon da in ji ta yi irin wannan dariyar tun Baba na da rai.

Muna shan kwana sai ga jirgin. Ba kamar yadda ka bar shi ba ne, Dadda. Bayansa duk ya tafi, saura goshin da ke kallon tudu da haƙarƙarin ƙarfe ja jawur da tsatsa, tsuntsayen teku sun jeru a kai, ruwa na shiga ta wani rami yana fita ta wani. Duk da haka yana da kwarjini. Immi ta taka har gindinsa ta dafa shi da tafin hannu, ta ce masa sannu maƙwabci, kai ma ka sha jiki. Ta sake ba mu labarin safiyar da hazo ya ruɗe shi ya hau duwatsu, tana goye da kai, maza suka jefa igiya suka jawo matuƙan ɗaya bayan ɗaya, Baba a gaba ruwa har wuya. Ta ce katakon da ya zubar ne ya yi wa rabin ƙauyen nan ƙofa, har da tamu. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, amma ban taɓa jin sa a tsaye a wurin ba.

Dutsenta yana nan dab da inuwar jirgin, kuma abin da muka tarar ya ba ni mamaki. Ƙumba ce manya-manya, cunkus, ba inda za ka sa yatsa. Shekara guda ba wadda ta taɓa shi. Ɗaya daga cikin matan ta ce Halti Ijja ce ta rantse duk wadda ta kusance shi sai ta karya mata ƙarfe. Halti Ijja ta ce ƙarya ne, jira take su yi ƙiba don surukarta. Immi ta durƙusa da ƙyar, ta zaro ƙarfe, ta ɗora, ta ɓamɓaro dunƙule guda ta jefa a kwando, matan nan suka ɗauki guɗa har tsuntsaye suka watse. Aka hura 'yar wuta a lungun dutse, muka sha shayi da gurasar sha'ir da amlu, markaɗen nan namu mai zuma da mai, a gurguje, don ruwa ba ya jiran kowa ya gama kofinsa.

Daga nan ne Immi ta kira ni. Ta ce ta san ƙafarta, ta kuma san Ƙofa, ba za ta ƙara tsallake ta ba. Abin da ya kawo ta shi ne ta ba da dutsenta da hannunta a gaban shaidu, ba a karɓe shi tana kwance ba. Na ɗauka Halti Ijja za ta miƙa wa ƙarfen. Sai ta kamo hannuna ta danƙa mini. Na ce Immi ina da shago, ina da masu jiran ɗinki. Ta ce sau biyu ne kawai a wata ruwa ke janyewa, masu ɗinkina ba tsirara suke yawo ba. Ka san ni ce na gudu daga duwatsun nan ina 'yar shekara sha biyar, don ina jin kunyar ƙarnin hannuna a makaranta. Ta sani, ba ta taɓa yi mini gori ba, ranar ma ba ta yi ba. Na yi kuka, Dadda, na farin ciki, ban kuma ɓoye ba. Halti Ijja ta ce in share majina in kama aiki, ta nuna mini yadda ake barin ƙanana don baɗi. Na cika rabin kwando, na yanke yatsu uku.

Ba zan ɓoye maka komai ba: dawowa ta yi mata wuya. Ta tsallake Ƙofa a kafaɗar mata biyu, hawan gangaren kuma a cikin mayafi muka ɗauke ta mu huɗu har wurin jaki, tana ta faɗa wai muna jijjiga ta kamar buhun sha'ir. Kwana biyu ta yi tana gasa ƙugu. Amma sharaɗin zuwa aka yi, ta kuwa je da ƙafarta, ni shaida ce. Saboda haka Immi ba za ta Agadir ba. Ni ce zan riƙa zuwa, tsayuwar wata da cikarsa, in yi kwana uku-uku a wurinta, sauran ranakun Halti Ijja na leƙa ta. Kada ka kira ta da faɗa, na roƙe ka. Ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba, ta san tsoro ne ya sa ka, tsoron kuma na so ne. Ta ce amma in kana tsoron a kira ka wata rana a ce ta tafi, to maganin ba ɗauke ta ba ne, ka zo ka zauna da ita tun tana nan, ko na wata guda ne.

Ka gaida Najat da kyau, ka ce mata busasshiyar ƙumbarta na nan tafe, ta hannuna ce, kada ta kushe. A shafa mini kan Idir da Tilila. Immi tana sa muku albarka, Halti Ijja da Lahsan da liman duk suna gaisuwa. Allah Ya tsare, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Yamna