Jikar Miskila

Daura,
4 ga Maris.

Zuwa ga Babana, Malam Sama'ila, a Sandamu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar nan taka? Ya Gwaggo Shatu? Mu nan gidan Kawu Mati lafiya lau, sai dai Inna ta rame, ƙanena Yazid kuma kullum yana bakin zaure yana leƙen babura ko zai ga naka.

Baba, da ina ji, da ta waya zan kira ka. Tunda Allah bai nufa ba, ga biro. Ka san ni dai, ba na jin kira, ba na jin bari.

Saura kwana ashirin Inna ta gama idda. Ka sake ta ne don an gane Yazid ma ba ya ji, Gwaggo ta ce kurame biyu a ciki ɗaya ai jinin uwa ne. To, ka tuna likitocin Kano da suka ɗebi jinina bara saboda maƙoƙon da ya fito mini? Sakamako ya zo. Likita ta rubuta mini bayani, na tsare ta da tambaya har ta gaji da ni.

Rashin jin da maƙoƙon tushensu ɗaya, kuma gado ne. Wata 'yar ƙwayar halitta ce ta sauya, ita ke aiki a cikin kunne, ita kuma a wuya. Ta ce akwai shi a Sin, akwai a Pakistan, akwai a Turai, kowace al'umma da irin nata sauyin. Ba maita ba ce, ba nonon Inna ba ne. Ga inda nake so ka karanta sau biyu: ba ya bayyana sai yaro ya karɓo ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Baba.

Ka zo ka mayar da Inna ɗakinta. Na san za ka zo.

'Yarka,
Murjanatu.

Daura,
13 ga Maris.

Baba,

Salamu alaikum, tare da fatan kun tashi lafiya. Direba ya kawo amsarka, layi biyu cur, wai kaf zuri'arku ba a taɓa yin kurma ba. Haba Baba!

Akwai amanar da na riƙe shekara tara, yau zan sauke ta, Allah Ya yafe mini. Mahaifiyarka, Kaka Amatullah, da duk Sandamu ke kira Miskila. Ana mata sallama daga baya ba ta amsawa, a ce miskilanci. A zage ta a bakin rijiya ta wuce abinta, a ce kawaici. Kai kanka kana alfahari cewa uwarka ba ta taɓa mayar wa kowa magana ba. Baba, ba ta ji maganar ba ne.

Lokacin da jina ya fara tafiya, ina shekara bakwai, ita ce ta ɗauke ni zuwa ɗakinta. Ita ta koya mini kallon baki. Ta ce in zauna inda haske ke dukan fuskar mai magana, in ban gane ba in yi murmushi kawai. Wata rana ta kwance mayafin nan da take naɗewa har haɓa ko ana zafin bazara, ta kama hannuna ta ɗora a wuyanta. Ƙullutu ne kamar ƙwan agwagwa. Ta sa yatsa a leɓe, ni ma na sa.

In ba ka yarda da ni ba, tambayi Gwaggo. Ita ta yi wa Kaka wankan gawa, ta ga wuyan da idonta. Sannan ka tambayi kanka: me ya sa duk ranar duniya sai ka zagayo gaban Kaka ka tsuguna kafin ka buɗe baki? Ladabi ne, na yarda. Amma ba ladabin kaɗai ba ne.

Ba tonon asiri nake ba. Kaka ta fi kowa a wurina, kuma ina alfahari da abin da na gada daga gare ta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, abu ɗaya ne, a wurin uwarka an kira shi kawaici, a wurin uwata an kira shi mugun jini.

Saura kwana goma sha ɗaya. Na hana Inna kwance kayanta.

'Yarka,
Murjanatu.

Daura,
22 ga Maris.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa gida lafiya, ƙafar ba ta tashi ba.

Jiya ban iya ce maka komai ba, shi ya sa na biyo ka da wannan. Kawu ya ce ka daɗe tsaye a bayana kana sallama, ni kuwa ina ta taka keken ɗinki. Sai kawai na ga mutum ya zagayo ya tsuguna a gabana, ya ɗago fuska ta wajen haske. Rabon da ka yi mini magana kai tsaye, ba ta bakin Inna ba, wallahi na manta. Na karanta leɓenka sarai. Miskila ka ce. Daga nan bakin ya kama rawa, ban ƙara gane ko kalma ɗaya ba, kuma ban buƙata ba.

Tunda ka mayar da ita, Inna ta ce in gaya maka a turo mota ranar Alhamis. Ta ce kuma Gwaggo ce za ta share ɗakin, wannan ba ni na sa ta ba.

Ranar Litinin za a gwada wa Yazid na'urar ji a Kano, kai za ka riƙe shi. Kafin nan ka riƙa zagayowa gabansa. Ba sai na koya maka ba, ka iya tun kana yaro.

A gaida Gwaggo, ta gaba za a gaishe ta ko ta baya duk ɗaya, ita tana ji.

Taka har kullum,
Murjanatu, jikar Miskila.